Tambaya kan kalmar Ingilishi "mild"

Mai shago, Garwa:
Assalamu alaikum. Ina sayar da kayan masarufi a babbar kasuwar Garwa, kuma yawancin sabulu da man shafawa da nake sarowa daga Mubi da Yola rubutunsu na Ingilishi ne, alhali ni da Faransanci na yi karatu. Kalmar "mild" ta daɗe tana ɗaure mini kai. Na saba ganinta a kwalin sabulun jarirai, har na ɗauka taushi take nufi, sai ga shi makon jiya goggona ta dawo daga asibiti a Yola da takarda an rubuta "mild hypertension" game da hawan jininta. Yaya kalmar da ke jikin sabulu za ta koma kan ciwo? Ina roƙon masana su warware mini.

Malamar Ingilishi, Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam. Ana furta ta "mayild", kuma a ganina kalmar Hausa da ta fi kusa da ita ita ce sassauci. Abin da aka siffanta da ita yana nan, ƙarfinsa ne kawai bai kai matuƙa ba. Sabulun da aka kira haka yana wanke dauɗa amma ba ya cin fata. Yajin da aka kira haka akwai barkono a ciki, sai dai ba ya ƙona harshe. Mutumin da aka kira haka kuwa shi ne mai sanyin hali. Ɗalibaina sun fi rikicewa a batun yanayi, domin idan Bature a Ingila ya faɗe ta game da hunturu, yana nufin sanyin bai tsananta ba, mu kuma da muka san zafin Afrilu mai haura digiri 40 sai hankalinmu ya tafi ga sauƙin rana. Tunda Faransanci ka sani, sau da yawa "doux" ce, wani lokaci kuma "léger".

Ma'aikacin jinya, Ngaundere:
Bayanin Malama ya gamsar, amma zancen Goggo ne ya hana ni yin shiru. A asibiti muna kasa tsananin ciwo hawa uku, wato "mild", "moderate" (matsakaici) da "severe" (mai tsanani), don haka a wajenmu kalmar ba matsakaici take nufi ba, matakin farko take nufi. A rabe-raben da aka saba, hawan jini na wannan mataki shi ne awon sama tsakanin 140 da 159, ko na ƙasa tsakanin 90 da 99. Na sha ganin dattawa sun ji an ce ciwonsu mai sauƙi ne, sun ninke takarda sun sa a ƙasan akwati, sai bayan shekaru a kawo su ɓarin jiki ya shanye. Don Allah, ɗan'uwa, ka tabbatar tana zuwa awo a kai a kai, ta rage gishiri da dunƙulen miya, ta kuma bi abin da likitanta ya tsara mata. Irin wannan ruɗin ne ya sa yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba, ta 2003, ta ambaci kalmar cikin waɗanda ke iya yaudarar mai saye idan an buga su a kwalin sigari.

Mai walda, Injamena:
A sana'armu ma tana nan. Ƙarfen da muke ƙera ƙofofi da tagogi da shi sunansa "mild steel", Faransawa kuma suna ce masa "acier doux", saboda sinadarin kabon da ke cikinsa kaɗan ne, shi ya sa yake lanƙwasuwa kuma yake karɓar walda ba gardama.

Mai shago, Garwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Mun ɗauka takardar albishir ce, har Goggo ta ce babu buƙatar komawa. In sha Allahu ranar Litinin ni da kaina zan kai ta a sake auna ta.