Ina aka binne Saddam da manyan mutanensa?

Baban Ilham:
Salamu alaikum jama'a. Gardama ce ta kaure tsakanina da wani abokina. Ya rantse ya maya wai Saddam Husaini ba shi da kabari, Amurkawa sun wurga gawarsa cikin teku. Ni kuma ina tuna hoton wani kabari lulluɓe da tutar Iraƙi da aka ce nasa ne. Wa ke da gaskiya? Sannan su Tarik Aziz, tsohon ministansa na harkokin waje, da Ali Mai Guba fa, ina suka ƙare?

Malam Tanimu:
Wa alaikumus salam. Abokinka ya cakuɗa labari biyu ne. Wanda aka jefa a teku Usama bin Laden ne, a 2011. Saddam kam an binne shi a ƙasa, a ƙauyen da aka yanke masa cibiya, Auja, ɗan kudu kaɗan da Tikrit.

A can aka haife shi a 1937, maraya, kawunsa Khairallah Talfah ya riƙe shi, daga baya ya ba shi 'yarsa Sajida. Da ya hau mulki a 1979, mutanen wannan yankin ya jawo ya damƙa wa makullan ƙasa. Kuma da kwana ya ƙare, can ya gudu: a wani rami a Daur, kusa da Tikrit, sojojin Amurka suka zaƙulo shi ranar 13 ga Disamba 2003. An rataye shi ranar 30 ga Disamba 2006 kan shari'ar Dujail, inda aka kashe mutum 148 bayan an kai wa ayarinsa hari a 1982. Cikin daren aka ɗauki gawar a jirgin Amurka mai saukar ungulu zuwa Tikrit, aka miƙa ta ga shugaban ƙabilarsa ta Albu Nasir, Shaikh Ali al-Nida. Kafin gari ya waye an rufe shi a cikin wani zaure da shi da kansa ya gina a ƙauyen. Hoton da ka gani na can ne.

Abin da ke ɗaure mini kai shi ne yadda Auja ta riƙa karɓar su ɗaya bayan ɗaya. 'Ya'yansa Uday da Ƙusay sun riga shi, an kashe su a Mosul ranar 22 ga Yuli 2003 tare da Mustafa ɗan Ƙusay, yaro mai shekara 14. Sai Barzan, ƙanensa uwa ɗaya uba daban, tsohon shugaban hukumar leƙen asiri, da Awad al-Bandar, alƙalin da ya yanke wa mutanen Dujail hukunci. Rana ɗaya aka rataye su, 15 ga Janairu 2007, kuma na Barzan bai yi kyan gani ba, igiya ta fille masa kai. Taha Yasin Ramadan, mataimakin shugaban ƙasa, da farko ɗaurin rai da rai aka yi masa, kotun ɗaukaka ƙara ta ce ya yi kaɗan, aka rataye shi 20 ga Maris 2007. Shi ba ɗan Tikrit ba ne ma, amma Auja aka kai shi. Ali Hasan al-Majid, wanda ka kira Ali Mai Guba saboda iskar gubar da aka zuba wa Ƙurdawan Halabja a 1988, shi ya biyo baya a Janairun 2010.

Tarik Aziz ne ya fita zakka. Kirista ne, sunansa na yanka Mikha'il Yuhanna, ba dangin iya ba na baba da su Saddam, harshe da iya diflomasiyya suka kai shi inda ya kai. An yanke masa hukuncin kisa a 2010, ba a aiwatar ba, ya mutu yana tsare a Nasiriyya a Yunin 2015. Iyalinsa na Jodan, can aka kai shi, aka binne shi a garin Madaba.

Amma kada ka yi wa abokinka dariya da yawa. Wurin ya zama wajen ziyara, har da 'yan makaranta, sai gwamnati ta hana ziyarar rukuni a 2009. A Maris 2015, lokacin yaƙin ƙwato Tikrit daga hannun Da'ish, ginin ya zama kufai. Mutanen ƙabilarsa sun ce tun kafin nan sun tone gawar sun sauya mata wuri, kuma sun ja bakinsu sun yi shiru.

Maman Zarah:
Malam, Allah ya ƙara sani. Ni dai abin da har yau yake ci mini rai shi ne ranar da suka zaɓa. Safiyar Babbar Sallah fa! Ga masu rufe fuska suna yi masa ihu suna kiran sunan malamin Shi'a Muƙtada al-Sadr, wani na ɗauka da wayar salula, shi kuwa yana kalmar shahada aka buɗe ƙofar ƙarƙashinsa. Ko me ya yi, wannan ba shari'a ba ce, ramuwar gayya ce.

Ɗan Baffa:
Hajiya, ban ƙi taki ba, an yi rashin mutunci a wajen. Sai dai shi an san ranar da ya mutu, an miƙa shi ga danginsa. Bayan 2003 ramuka nawa aka tono a Iraƙi cike da ƙasusuwa? A Mahawil kusa da Hilla mata sun riƙa bin jakunkunan leda suna duba tsumma da katin shaida, ko za su gane 'ya'yansu da aka kwashe a boren da aka yi wa Saddam a 1991. Su wa ya yi musu sallah?

Malam Tanimu:
Ku duka biyun kuna da hujja, kuma ba na jin ɗaya ta soke ɗaya. Ɗan Baffa, ƙara da wannan: takobin bai tsaya a waje ba. Surukansa biyu, Husaini Kamil da ƙanensa Saddam Kamil, mazan 'ya'yansa Raghad da Rana, sun tsere Jodan a 1995. Aka yi musu alkawarin afuwa, suka dawo a Fabrairun 1996, cikin 'yan kwanaki aka raba aurensu aka kashe su. Dangi ne suka yi aikin.

Baban Ilham, saura mutum ɗaya da ba ka tambaya ba, Izzat Ibrahim al-Duri, mai jan gashin baki, wanda kullum ke tsaye a gefen Saddam. Amurka ta sa ladan dala miliyan 10 a kansa, ba ta taɓa kama shi ba. An sha shelar mutuwarsa, har da 2015 da aka nuna wata gawa aka ce tasa ce, sai ga saƙonsa ya sake fitowa. Jam'iyyarsu ta Ba'as da kanta ce ta sanar da rasuwarsa a Oktoban 2020, ba ta kuma faɗi inda aka kai shi ba.

Baban Ilham:
Na gode Malam. Zan tura masa wannan, amma na san shi, cewa zai yi ai tunda ba a san inda gawar take ba yanzu, shi ya ci gardama.