Shawarwari Kan Hidima da Almajirtarwa

A wata tattaunawa kan hidimar Kirista da almajirtarwa, bakin masu tattaunawar ya zo ɗaya cewa ayyukan kirki ba sa sayen ceto, 'ya'yan bangaskiya ne, kamar yadda Afisawa 2:8-10 ta nuna a Littafi Mai Tsarki. Taimako kuma a kai shi a asirce, kada a kunyata mai karɓa.

An fi daɗewa kan almajirtarwa, wato horar da mutum ya bi Yesu. Mai koyarwa ya ɗauki mutum 2 ko 3 kawai, su riƙa haɗuwa mako-mako, su karanta sura ɗaya, su yi addu'a, sa'an nan su tafi duba mara lafiya tare. Inda abin ke lalacewa shi ne a jibga wa mutum ɗaya kowane aiki har ya gaji ya janye. Ko a zamanin manzanni, da rabon abincin gwauraye ya jawo gunaguni, mutum 7 aka zaɓa aka danƙa musu aikin.