Gyaɗa ce ta karya gandun Fanisau ko dokar Turawa?

Ɗan Ungogo: Jama'a, kullum ana cewa dokar Turawa ce ta 'yanta bayin gandun Fanisau, garin nan da ke kusa da birnin Kano. Ni kam na ce gyaɗa ce. Turawa sun ci Kano a 1903, aka ci gaba da noman gandu kamar da. Sai da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi kuɗi a 1912, sannan talaka ya samu abin kansa.

Malam Garba: Malam, ka fara daga tsakiya. Fanisau ribaɗi ne, wato garin tsaro, tun zamanin Sarkin Kano Ibrahim Dabo, lokacin da yake fama da Ɗan Tunku, wanda ya yi masa tawaye daga arewa. Can Bature matafiyi Klafaton ya je ya sami Sarkin a 1824. Dawa da geron gandun nan su ke ciyar da dakaru da dawakai da fada. Da yaƙi ya ƙare a 1903, rabin dalilin gandun ya tafi tun gyaɗa ba ta zo ba.

Hajiya Rabi: Ku dubi yadda aikin yake tukuna. Bawa yana noman gandu daga hantsi zuwa azahar, sarkin gandu na tsaye a kansa. Daga nan ya wuce gayaunarsa, ɗan filin da aka yanka masa, abin da ya noma a ciki nasa ne. Akwai kuma murgu: ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu, a sake shi ya yi nemansa. A gayauna gyaɗa ta yi aikinta. Ƙasar jigawa tana karɓarta, ana shuka ta tsakanin kunyoyin gero, mata da yara su tsinke su ɓare. Kuɗin ya tara ya biya murgu, in ya dage ya kai ga fansar kansa.

Ɗan Ungogo: To ai maganata ke nan, Hajiya.

Hajiya Rabi: A'a, ɗana, da saura. Kafin Turawa ubangiji yana iya ƙin karɓar fansa. Bayan zuwansu ne bawa ya samu damar kai maganar gaban alkali a yanka masa kuɗi. Kuma dokar ta ce duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, ba bawa ba, an kuma rufe kasuwar bayi. Gandu yana rayuwa ne da sababbin hannaye. Ba saye, ba haihuwa cikin bauta, dole ya tsufa da masu nomansa.

Malam Garba: Kar a manta masu gandu ma sun shuka gyaɗar, da hannun bayin nan. Ta ƙara musu sha'awar riƙe mutane ne ma. Shi ya sa bauta ta ja har 1936 kafin a soke ta gaba ɗaya.

Baba Manomi: Abin da ba ku faɗa ba shi ne haraji. Da aka koma biya da tsabar kuɗi, kowa dole ya sa gyaɗa, ya rage hatsi. Damina ta gaza a 1913, rumbuna ba komai, yunwar 1914 ta yi ɓarna a ƙasar Kano. Wanda ya fita daga gandu ba shi da damin ajiya, wasu ƙwadago suka koma yi a gonar da suka bari.

Ɗan Ungogo: Na karɓi batun alkali da haihuwa, Baba. Amma kuɗin da aka ajiye gaban alkalin, daga buhun gyaɗa ya fito.