Cigiyar kalma: me za mu kira "generation" in ana maganar mota?

Assalamu alaikum jama'a. Cigiya nake yi, kuma ta kalma ce. Kwana uku ke nan ina rubuta bayani da Hausa a kan motar gudun nan ta Jamus, Porsche 911, da yadda surarta ta riƙa sauyawa daga 1963 zuwa yau, sai na cije a wuri ɗaya. Bature ya ce motar ta yi "generation" takwas. Mu fa, me za mu ce? Ba na son in rubuta "jenareshan" in wuce, domin na tabbata Hausa tana da abinta, lalubowa ce ta rage.

Bari in fara shimfiɗa abin da ake son kalmar ta ɗauka, kada mu yi ta harbi a duhu.

A watan Satumba na 1963 aka fara nuna motar a baje kolin motoci na Frankfurt, da suna 901. Kamfanin Peugeot, mai Fijo 504 da 505 ɗin nan da aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ya ce lamba uku mai sifiri a tsakiya tasa ce, sai aka cire sifirin aka sa 1. Ferdinand Alexander Porsche, jikan wanda ya kafa kamfanin, shi ya jagoranci zana ta: fitilu biyu zagayayyu a kan madigadi masu tudu, bonet ya kwanta a tsakaninsu, rufi ya gangaro tun daga saman kan direba har bamban baya ba tare da karyewa ba. Inji mai silinda shida yana can baya, bayan tayoyi, kuma iska ce ke sanyaya shi. Shekara sittin da ɗoriya ke nan, an sake jikin motar sau da dama, ta ƙara tsawo ta ƙara faɗi, amma yaro ma in ka nuna masa ta 1964 da ta bana zai ce gida ɗaya suka fito. To kalmar da nake nema dole ta riƙe abu biyu a hannu ɗaya: sabon jiki ne, kuma kamannin na da ne.

Na gode da amsoshin da suka shigo tun safe. Zan bi su yadda suka zo.

Allah ya gafarta Malam, na ga "ƙarni" da ka kawo, kuma gaskiyarka, a tsohuwar ma'ana yana nufin mutanen lokaci ɗaya. Sai dai yau duk wanda ya ji ƙarni shekara ɗari yake ji. Ta huɗu a jerin kuwa, wadda ake kira 993, daga 1993 zuwa 1998 kawai aka yi ta. In na rubuta "ƙarni na huɗu", mai karatu zai ɗauka na koma zamanin Rumawa.

"Tsara" ta fi kowace samun goyon baya, ni ma da ita na fara. Amma tsararka shi ne wanda kuka tashi tare, ba wanda ya gaje ka ba. Tsarar 911 ta farko su ne Jaguar E-Type ta 1961 da Ford Mustang ta 1964. Tsara a gefe take tafiya, mu kuwa gangarowa muke nema. Wanda ya ce a yi ɗa da jika da tattaɓa-kunne ya kama gangarowar, sai dai kafin mu kai ta biyar sunayen sun ƙare.

"Ƙira" 'yan jarida sun riga sun kama ta: mota ƙirar Toyota, ƙirar Jamus. "Samfuri" kuma yana da aikinsa, domin a cikin "generation" ɗaya akwai Carrera, akwai Targa mai ɗaurin ƙarfe a saman kai, akwai Turbo, akwai mai buɗaɗɗen rufi. Waɗannan su ne samfura.

Hajiya, "yayi" da kika kawo ta tsaya mini a rai, don haka take a bakin masu sayar da mota: sabon yayi, tsohon yayi. Amma yayi abin da ke wucewa ne. Ƙaton fiffiken nan da aka ɗora wa Turbo a baya daga 1975, wanda Turawa suka kira jelar kifin whale, shi kam yayi ne, ya yi tashe ya kwanta. Zagayayyar fitila ba ta taɓa zama yayi ba, gado ce. "Zamani" kuma na ajiye shi, zan dawo kansa, yana da gurbi.

Ga tawa shawarar yanzu: zubi. Zubi na farko, zubi na biyu, har zubi na takwas.

Ba a littafi na samo ta ba. Jiya da yamma na bi ta wurin masu zubin tukwanen alminiyam a bayan kasuwarmu, na tsaya ina kallon wani dattijo. Ya ɗauki tukunya gamammiya ya kifa a cikin akwatin katako, ya cika da ƙasa mai danshi, ya daddanna da guntun itace har ta kama. Ya raba akwatin biyu a hankali, ya zare tukunyar, ya bar gurbinta a cikin ƙasar. Kafin ya mayar, sai ya sa bayan cokali ya ɗan faɗaɗa wurin kunnen, ya ce masu abincin sayarwa sun yi ƙorafi kunnen da ya yi ƙanƙanta, tsumma ba ya kamawa. Yaronsa ya kawo narkakken alminiyam daga wuta, suka tsiyaya ta ƙaramar kafa. Na ce, "Baba, wannan da waccan ɗin ɗaya ne?" Ya ce, "A'a, wannan zubin yau ne. Amma ai daga jikin waccan aka ɗauke ta."

Nan na tsaya. Sabon ƙarfe, sabon gurbi, ɗan gyara saboda bukatar masu amfani, amma daga jikin ta da aka ɗauko surar. Sannan ku tuna ɗaya ma'anar da muke amfani da ita kullum: yaron nan zubin mahaifinsa ne, wance tana da zubin Fulani. Masu nazarin adabi ma "zubi da tsari" suke cewa in suna maganar yadda aka gina waƙa. Ga lissafi kuma a cikinta, tunda duk mai adashi ya san zubi na farko da zubi na biyu. Kalma ɗaya ta riƙe sabuntawa, ta riƙe kamanni, kuma tana ƙirguwa.

Mu gwada ta a kan motar mu gani ko za ta ɗauki kaya.

Zubi na farko, 1963 zuwa 1973: siririya, faɗinta mita 1.61, bambanta siraran ƙarfe masu ƙyalli. A ƙarshensa, a 1972, Carrera RS 2.7 ta fito da ɗan fiffiken baya mai ɗagowa kamar jelar agwagwa. Zubi na biyu, wanda ake kira G, ya fi kowanne daɗewa, 1973 zuwa 1989. Dokar Amurka ce ta sauya masa fuska: an ce dole bamba ya jure karo na gudun kilomita 8 a awa ba tare da fitilu da sauran kayan kariya sun lalace ba, sai aka yi masa bamba mai kauri da baƙar roba mai ninki-ninki a kowane gefe. Abin da ya zo a dole, yau shi ne alamar da masoyanta ke gane ta da shi tun daga nesa. Zubi na uku, 964, ya haɗe bamban da jiki ya shafe su da fenti ɗaya, ya kuma zo da fiffiken da ke ɓoye, sai mota ta kai kilomita 80 a awa ya ɗago da kansa. Zubi na huɗu, 993, ya ɗan kwantar da fitilun gaba, ya cika ƙugun motar. A idona babu wanda ya kai shi kyau, kuma shi ne na ƙarshe da iska ke sanyaya injinsa.

Wani ɗan'uwa mai gyaran bodi ya kawo suka mai nauyi, kuma na ji daɗinta fiye da yabo. Ya ce zubi yana nufin an narkar an sake gaba ɗaya, alhali waɗannan huɗun ba haka aka yi musu ba, ginshiƙin jikin da layin rufin na farko aka yi ta ja har 993, ana sauya gaba da baya. Oga, gaskiya ka faɗa, kai ne mai guduma a hannu. In aka bi tsantsar ma'anar maƙera, zubi na biyar, 996, shi ne na farko da aka sake daga tushe. Amma a 964 kamfanin da kansa ya ce kashi 85 cikin ɗari na kayanta sababbi ne, ko da yake ido bai gani ba. Kuma dattijon jiya bai sassaƙa sabon gurbi daga kansa ba, tsohuwar tukunya ya danna a ƙasa. Zubi bai taɓa nufin a yar da na da ba. Abin da ya sa na fi son ta ke nan.

Zubi na biyar shi ne inda kalmar ta fi nuna amfaninta. A 1997 aka fito da 996: sabon jiki ɗungurungum, gilashin gaba ya ƙara kwanciya, inji ya koma sanyaya da ruwa saboda dokokin hayaƙi da ƙara da kuma neman ƙarin ƙarfi. Kamfanin yana cikin matsin kuɗi a shekarun, sai aka yi mata gaba iri ɗaya da na ƙanwarta Boxster don rage tsada. Fitilar ta daina zama zagayayya, aka haɗe ta da sigina a gilashi guda mai ɗan zubowa gefe, har Turawa suka yi mata laƙabi da soyayyen ƙwai. Motar ta sayu sosai, ta taimaka wa kamfanin ya miƙe, amma masoya na da suka yi ta gunaguni. Da Turanci sai an yi dogon bayani kafin a faɗi abin da ya dame su. Da Hausa jimla ɗaya ce: sabon zubi ne, amma fuskar ta bar zubin gidansu. Ma'anonin biyu a numfashi ɗaya, kuma babu Bahaushen da zai nemi ƙarin bayani. A 2004 zubi na shida, 997, ya dawo da zagayayyar fitila, sigina ta koma cikin bamba.

Ga gurbin "zamani" da na ce na ajiye: zubi huɗu na farko zamanin iska, daga na biyar zuwa yau zamanin ruwa. Haka masu motar suke raba ta, kuma farashin tsofaffin ma haka yake bi.

Na bakwai, 991 na 2011, ya ƙara tazarar tayoyin gaba da na baya da santimita 10, kuma a cikinsa aka ƙera 911 ta miliyan ɗaya a watan Mayu na 2017, koriya. Na takwas, 992, an nuna shi a Los Angeles a Nuwamban 2018: jan layin fitila ɗaya ya ratsa bayan daga gefe zuwa gefe, mariƙin ƙofa ya shige cikin jiki, faɗi ya kai mita 1.85. Ku auna da 1.61 na farko. Ni dai ina ganin ta yi ƙiba, kuma siririyar surar nan da ta sa aka so ta tun farko tana neman nutsewa a cikin faɗin. Amma layin rufin yana nan inda yake.

Wata 'yar'uwa ta tambaya, to ƙaramin gyaran da ake yi a tsakiyar zubi fa, wanda Bature ke kira "facelift"? Wannan ba ya bukatar cigiya, kwaskwarima ce, kalmar tana nan tana jira. A 2008 an yi wa zubi na shida kwaskwarima, aka sa masa fitilun LED. A 2024 an yi wa na takwas, aka cire agogon inji mai allura da ke tsakiyar dashbod aka sa na allo, abin da ya sosa mini rai, don tun 1963 wannan allurar take gaban direba. Bambancin a fili yake: kwaskwarima a kan jikin da ake da shi ake yin ta, zubi kuwa sai an koma gurbi.

Kalmar ba ta Porsche kaɗai ba ce. A kasuwar motocinmu da laƙabi muke rarrabe Camry, wannan Pencil, waccan Big Daddy, waccan Muscle, saboda ba mu da kalmar da ta haɗa su. Laƙabin ba zai mutu ba, bai kamata ma ya mutu ba, amma mai rubutu yana bukatar abin da zai ce da su gaba ɗaya, kuma "wane zubi ce?" tambaya ce da dillali zai gane ba tare da an fassara masa ba.

Abu ɗaya ya rage da ban warware ba, jam'i. "Zube-zube" yana kai hankali ga tarkace, don haka na bar shi, ina rubuta "zubi takwas" yadda muke cewa buhu takwas. Malam, in akwai jam'in da ya fi wannan a wajenku, ina saurare. Kafin nan ga yadda jimlar ta zauna a rubutun nawa: "Daga 1963 zuwa yau an yi wa 911 zubi takwas, huɗu a zamanin iska, huɗu a zamanin ruwa, kuma a zubi na biyar ne kaɗai fitilarta ta bar zagaye."