Rijiyar da Ba Ta Mai da Guga

Malamin Tumfure:
Salamu alaikum. Daren jiya an ɗauke wuta, muka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, sai autata ta tambaye ni wai da gaske akwai rami a sama mai haɗiye haske, wanda Turawa ke kira "black hole"? Na ba ta amsa irin ta aji, ta yi hamma. Bari in gwada da waƙa. Amsa-amo "wa", mai gyara ya ɗora.

Akwai wata rijiya can cikin samaniya,
Guga in ya faɗa ba shi da dawowa.

Tauraro ne babba, makamashinsa ya ƙare,
Nauyin kansa ya danne shi har durƙushewa.

Ya dunƙule, ya matse, jansa ya tsananta,
Haske ma, sarkin gudu, ba ya kuɓucewa.

Ainstain ya nuna nauyi ba igiya ba ne,
Sarari da lokaci ne suke lanƙwashewa.

Ɗora turmi bisa katifa ka gani,
Ƙwallo in ya matso kusa sai gangarawa.

Da za a matse rana ta zama irinta,
Kilomita 3 daga tsaka bakin ke tsayawa.

Duniyar nan kuwa, har Bima har Gongola,
Ba za ta fi 'yar magarya ba bayan matsewa.

Baffan Kwami:
Wa alaikumus salam. Jikana ne ke rubuta min. Ni da "ba" na iya waƙa, a yi haƙuri.

Ɗana Malam, haƙar rijiya na gada,
Ban ga wadda aka haƙa babu gindi ba.

Mu nan Kwami ruwa yana da nisa,
Amma ban taɓa sauka na kasa hawa ba.

In fitila ta mutu a ƙasa sai mu fito,
Ba mu taɓa gardama da iskar rami ba.

To taka da ba ta mai da ko da haske,
Wa ya leƙa ta? Ba ka faɗa mana ba.

Abin da ido bai gani, kunne bai ji ba,
Ni ban saba kiransa ilimi ba.

Ɗalibar Kashere:
Baffa, a gafarce ni in sa baki a zancen manya. Kunne ya ji, ido ma ya gani. Ranar 14 ga Satumba 2015 na'urorin LIGO biyu a Amurka, masu auna kaɗawar sarari, suka kama girgizar haɗuwar irin ramukan nan guda biyu, hoton ramin da ke tsakiyar tarin taurari mai suna M87 kuma aka fito da shi ranar 10 ga Afrilu 2019.

Ramuka biyu suka yi ta kewaya juna,
Kamar 'yan kokawa gabanin kamawa.

Ɗaya nauyin rana 36, ɗaya 29,
Suka rungume, sarari ya ɗauki kaɗawa.

Shekara biliyan 1.3 motsin yana tafe,
Ya iso a gajiye, da ƙyar ake jiyowa.

Sannan aka ɗauko hoton na M87,
Duhu a tsaka, garwashi na kewayawa.

Nauyin rana biliyan 6.5 gare shi,
Inuwarsa aka gani, ba a shiga ba kuwa.

Baki muka gani, Baffa, ban ce gindi ba,
A kan gindin ne malamai ke fafatawa.

Malamin Tumfure:
Ta kai mu inda nake so. Baffa, tambayarka ta gindi ita ce ta hana masana barci. A 1965 Roja Fenros na Ingila ya tabbatar da lissafi cewa tauraro in ya wuce wani mataki na durƙushewa, dole a sami wurin da ƙa'idar Ainstain ta 1915 ke karyewa. Aikin nan ne ya ba shi rabin kyautar Nobel a 2020. A 1969 kuma ya kawo wani zato.

A gindin akwai ɗigo inda lissafi ya tsaya,
Alƙalami in ya kai nan tawada ke ƙafewa.

Matsi ba iyaka, lanƙwasa ba iyaka,
Yau ba ta sanin abin da gobe ke kawowa.

Da ɗigon nan zai fito fili kowa ya gani,
Da hasashen masana duk ya bi ruwa.

Zaton Fenros, kamar halitta na da kunya,
Duk inda ɗigo yake akwai rufewa.

Bakin rijiyar nan shi ne zanensa,
Ba ya fita waje sai da suturtawa.

Turawa sun kira shi dokar tacewa,
Ni "rufin asiri" na ga ya fi dacewa.

Goggon Bolari:
Ina kan keke da ɗinkin biki ya sha min kai, na ji an ambaci zane. Ba zan yi shiru ba.

Malam, ka shigo gonata da zancen sutura,
Ni ce mai almakashi da zare da allura.

Kunya ado ce, ban musa maka ba,
Amma wa ya duba duka ya ce babu saura?

Ni in ban sa tef na auna kafaɗa ba,
Ba na yanka yadin mutane, gudun asara.

Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya,
Kawo hujja, in babu sai a saurara.

Ka ce kowane ɗigo yana da zanensa,
In iska ta ɗauke na wani fa, ya tsaya tsirara?

Malamin Tumfure:
Goggo, kin kama ni hannu dumu-dumu. Fiye da shekara 50 ke nan, har yau zato ne, ba wanda ya tabbatar da shi gaba ɗaya.

Hamman Pantami:
Fiziks na karanta, Keke Napep nake ja, kada a tambaye ni dalili. Goggo, an gwada fizge zanen. A 1963 Roy Kar ɗan Niyu Zilan ya fitar da lissafin rami mai juyawa, aka ga juyin na da maƙura: in ya wuce ta, bakin zai ɓace. A 1974 Robat Wald ya ɗauki ramin da ya kai maƙurar, ya gwada tura shi gaba a takarda.

Goggo, ramin juyi yake kamar mazari,
In ya wuce kima zane ya faɗi, an ji kunya.

Wald ya nemi ya ƙara masa gudu,
Ya jefa tsakuwa da ƙarfi ta gefe ɗaya.

Wadda za ta iya kwance masa ɗaurin,
Ramin ya ƙi karɓa, ta wuce ta baya.

Kullum da damina ina gani a kekena,
In ina gudu laka fallatsa take daga taya.

Wadda ya haɗiye kuwa ba ta isa komai ba,
Zane na nan daram, an rasa hanya.

Ɗalibar Kashere:
Hamma, ka faɗi wanda ya yi maka daɗi ka ɓoye ɗayan. A 1991 masanin fiziks Istifin Hokin ya yi musu da takwarorinsa Kif Ton da Jon Fireskil a kan zaton nan har da sa fam 100, shi yana bayan Fenros. Cikin sharaɗin har da cewa wanda ya faɗi zai ba mai nasara tufar rufe tsiraici. A 1997 Hokin ya sallama saboda aikin wani masani mai suna Caftuwik, ya ba su riguna. Na ari amsa-amon Goggo.

A 1993 Caftuwik ya zauna gaban kwamfuta,
Yana saita rushewa, ya rage, ya ƙara.

Tsakanin "rami ya samu" da "komai ya watse",
Sai ga ɗigo ya leƙo, ba zane, tsirara.

Sai dai Goggo, ke kin san wuyar abin,
Kan tsininta ake so a tsayar da allura.

Ko numfashi aka yi sai ta faɗi gefe,
Shi ya sa Hokin ya biya, ya sake ɗaura ɗamara.

Sabon sharaɗi, wanda zai faru ba da saiti ba,
Ya rasu a 2018, musun na nan da saura.

Goggon Bolari:
Ashe har can ana biyan bashi da riga!

Da ni Hokin ya kawo wa ɗinkin nan,
Da na yi aiki a wuya, aljihu biyu in ƙara.

Baffan Kwami:
Sa kuɗi a musu dai ban yaba ba. Amma na saurara.

'Yata ta Kashere, kin biya ni rabin bashi,
Na yarda da bakin, gindin ba ku kai ba.

Mu in mun gama haƙa marfi muke sawa,
Don yaro da akuya, ba don kunyar ruwa ba.

Wataƙila marfin can ma haka yake,
Amma wanda ya sa shi lissafinku bai ce ba.

Saura ɗaya: in na sauka da igiya a ƙugu,
Mai riƙe min zai ga shigata, ko ba zai gani ba?

Malamin Tumfure:
A babba irin na M87, Baffa, ga yadda za ta kasance.

Zai ga kana rage sauri dab da bakin,
Kana yin ja, kana dushewa, har ɓacewa.

Kai kuwa agogonka yana tafiya daidai,
Ka ƙetare bakin babu alamar ƙetarewa.

Igiyar kuma, ko wace iri ka murɗa,
Kafin ta jawo ka waje sai tsinkewa.

Baffan Kwami:
To a bar ni da tawa. Gobe da asuba ina da yasa a Malam Sidi, kuma ita tana mai da guga.