Kabir na Banaras: namu ne ko nasu?

Abban Khadija: Slm jama'a. Jiya na kwana ina karanta labarin Kabir, mawaƙin nan na birnin Banaras a Indiya da ya rayu a ƙarni na 15, wlh ni dai na gamsu bawan Allahn nan Musulmi ne, Hindu ne kawai suka yi mana ƙwace. Sunansa fa Kabir! Masaƙa Musulmi suka raine shi, Niru da matarsa Nima, shi ma saƙar ya gada. To ta ina ya zama nasu?

Malam Sani: Wslm. Suna ai linzami ne kawai Abba, ba shi ke nuna aƙida ba. Ka duba baitocinsa mana, Ram yake kira, Hari yake kira, sunayen allolin Hindu. Wane waliyyi ka taɓa ji yana haka?

Abban Khadija: Malam Ram ɗinsa ba wancan na labarin Ramayana na Hindu ba ne, shi Ubangiji marar siffa yake nufi, ba gunki ba hoto. Akwai ma baitin da ake jingina masa cewa in da bautar dutse na sada mutum da Allah to shi tsauni guda zai bauta wa, gara ma dutsen niƙa tunda yana ba mutane gari. Wannan ai tauhidi ne zalla.

Malam Sani: To ƙarasa mana, kar ka tsaya a rabi. Shi ɗin ne dai ake ce ya yi wa ladani shaguɓe, wai me ya sa yake ɗaga murya, Allah kurma ne? Subhanallah. Kaciya ma bai ƙyale ba. Mutumin da ya caccaki limami da boka duka ka ce namu ne?

Ƙanwar Maza: Boka kuma Malam? Pandit ake ce musu 😂

Ɗalibi a Lucknow: Ku bari in sa baki tunda na je Maghar da ƙafata, can ya rasu, a jihar Uttar Pradesh. Abin da na gani ya ɗaure min kai gsky, kabari irin na Musulmi a nan, ɗakin tunawa na Hindu a can, kusa da juna kowa na zuwa nasa, kuma labarin da suke bayarwa shi ne da ya mutu an yi ta rigima waɗannan na son binnewa waɗancan na son ƙonawa, da aka yaye mayafin sai furanni kawai aka tarar, aka raba biyu. Zuwansa Maghar ɗin ma tsokana ce, don a wajensu wanda ya mutu a Banaras ya tsira, wanda ya mutu a Maghar kuwa jaki zai dawo, shi kuma ya ce to can zan je in mutu.

Abban Khadija: Ka ji ko! Bai yarda da camfinsu ba.

Ɗalibi a Lucknow: Yaya Abba kar ka yi saurin murna. Mabiyansa, 'yan Kabir Panth, yawancinsu a cikin Hindu ake ƙirga su yau, kuma su suka riƙe littafin baitocinsa Bijak. Sun ce malaminsa Ramananda ne, wani malamin Hindu, wai ya kwanta a matattakalar kogin Ganga da asuba malamin ya taka shi ya ce Ram Ram, shi ke nan ya riƙe kalmar. Mabiya addinin Sikh ma suna da rabonsu, baitocinsa sama da 500 suna cikin littafinsu da aka haɗa a 1604.

Ƙanwar Maza: Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne labarin wai wata bazawara 'yar Brahmin, wato dangin malaman Hindu, ce ta haife shi ta yar a bakin tafkin Lahartara. Wato ɗan masaƙi ba zai iya fasaha ba sai an nemo masa dangi masu daraja? Shi da bakinsa yake ce wa kansa masaƙi.

Malam Sani: Nan kam na yarda da ke ƙanwata. Asalin gidansu Musulmi ne ban musa ba, aƙidarsa ce ban saya ba.

Abban Khadija: To Malam rabin furen fa da aka binne, wa ya sallace shi?