Burtsatse na yanke ruwa da bazara: sauyin yanayi ne ko matsalar haƙa?

Ɗan Hotoro:
Assalamu alaikum. Rijiyar burtsatsen unguwa ce a Kano, zurfinta mita 45, da sumo, wato injin jan ruwa na cikin rijiya, mai ƙarfin doki ɗaya. Daga damina har hunturu lafiya lau take, amma daga Maris zuwa Mayu sai ta yi ruwa na minti goma ta tsaya. Wasu na cewa ruwan ƙasa ne ya gudu saboda sauyin yanayi, sai an haƙa sabuwa mai mita 100. Masana, ku taimaka mana kafin a fara karo-karo.

Injiniyan Ruwa:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ku tara ko sisi sai kun yi awo. Da asuba, kafin a kunna sumo, a zura igiyar awo a ga nisan da ke tsakanin bakin rijiya da fuskar ruwa. Sannan a kunna, a riƙa aunawa duk bayan minti biyar. Bayan an kashe kuma a duba tsawon lokacin da ruwan zai ɗauka ya dawo inda yake.

Wannan minti goman da ka ambata ya riga ya faɗi abu da yawa. Bututu mai inci 5 yana ɗaukar kamar lita 12 a kowace mita. In ruwan da ke saman sumo ya kai mita 20, lita 240 ke nan a kwance. Sumo irin naku kan ja wajen lita 3,000 a awa, alhali burtsatse da yawa a cikin Kano ba sa wuce rabin lita a daƙiƙa, wato lita 1,800 a awa, da bazara ma ƙasa da haka. Kun ga injin yana kwashe na kwance ne, ya fi ƙarfin abin da ke tsattsafowa, sai ya koma shan iska. Ci gaba da hakan shi ke ƙona shi.

Gwajin jarka ya isa ya nuna muku: a rage bakin bawul har ruwa ya riƙa zuwa ba yankewa na awa biyu, sannan a tara jarka mai lita 20. In ta cika a daƙiƙa 40, rabin lita a daƙiƙa ke nan. Wannan shi ne ainihin ƙarfin rijiyarku, kuma a kansa za a zaɓi sumo.

Malama Ƙasa da Duwatsu:
Zancen mita 100 ɗin nan shi ya fi damuna. Kano a kan tsohon dutse take zaune. Ruwa wuri biyu yake samuwa: cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke sama, wanda galibi bai wuce mita 20 zuwa 40 ba, da kuma cikin tsagogin fa da ke ƙarƙashinsa. Da zarar an wuce nan aka shiga dutse mai ƙwari mara tsaga, ko an ƙara mita 60 ba abin da za a samu sai ƙura da asarar kuɗi. A Maiduguri ne zurfi ke da riba, domin can rairayi da yumɓu ne hawa-hawa na kwarin Chadi, ana samun ruwa a sama, a sake samu a wajen mita 300, har da wani can ƙasa da mita 500. Lissafin Borno ba ya aiki a Hotoro.

In ta kama sai an yi sabuwa, a fara kawo masu auna ƙasa da na'urar lantarki, su gwada aƙalla wuri uku, su ba da rahoto a rubuce. A tsare mai haƙa ya sa bututu mai tsaga daidai inda ruwa yake, ya zuba wankakkiyar tsakuwar kogi a kewaye, ba buraguzan da ya haƙo ba. Ya wanke rijiyar da kwamfuresa har ruwa ya fito garau, ya toshe kewayen bututun a mita 5 na sama da siminti, kuma a nisanci masai da sokawe da mita 30 inda fili ya bari. Gwajin jan ruwa na awa 24 a yi shi a Afrilu. Wanda aka yi a Satumba yaudarar kai ne, don lokacin kowace rijiya cike take.

Abu Sadiq Damagaram:
Game da yanayi kuwa, Malam Ɗan Hotoro, a yi hattara da ɗora masa komai. An sha fari mai tsanani a 1972 zuwa 1973 da kuma 1983 zuwa 1984, amma daga shekarun 1990 ruwan sama ya ɗan farfaɗo a yankin Sahel. Abin da ya sauya shi ne yadda yake zuba: ya zo kamar da bakin ƙwarya a 'yan awoyi, sannan a yi kwanaki ba ko ɗigo. A kewayen Yamai ma masu bincike sun tarar ruwan ƙasa ya hau da kusan mita 4 daga shekarun 1960, duk da fari, saboda sare dazuka ya sa ruwa na gangarawa cikin tafkuna yana nutsewa daga can.

A Kano akasin haka ake yi. Kududdufan da ke tare ruwan Agusta su shayar da ƙasa an cike da yawansu an yi gini, tsakar gidaje an shafe da siminti, ga burtsatse kusan gida-gida duk suna zuƙar wuri ɗaya. Shi ya sa unguwa guda take ambaliya da damina, ta yi ƙishirwa da bazara.

Injiniyan Ruwa:
Haka ne, kuma awo zai raba gardamar. A rubuta matakin ruwan asuba sau ɗaya kowane wata. In na Afrilun bana ya yi ƙasa da na Afrilun bara da mita biyu ko uku, ruwan yankin ne ke raguwa. In yana nan inda yake amma rijiya na saurin ƙafewa, mai yiwuwa tsagogin bututu ne suka toshe da laka, sai a kira mai kwamfuresa ya wanke. Kafin nan a rage bawul, a riƙa ja awa ɗaya ana hutar da ita awa biyu, a cika tanki cikin dare, a kuma sa na'urar da ke kashe sumo in ruwa ya yanke.